Sikelin Ɗakin Ajiya

Satin nan aiki kawai injiniyan yake yi, abinci ma ba ya jin ɗanɗanonsa. Bayan magariba yana ɗakin ajiya shi kaɗai, yana gyara manhajar da ke mayar da saƙon sikeli zuwa lambobi, sai wani ya yi sallama, murya kamar daga cikin randa.

"Malam, a auna ni mana."

"Hau," ya ce, idonsa na kan kwamfuta.

Ƙarfen sikelin ko motsi bai yi ba. Manhajar ta ce saƙon ba lamba ba ne. Ya buɗe ainihin abin da sikelin ya aiko. Kalma ɗaya ce: Gajere. Yayansa kaɗai ke kiran sa haka, shi kuwa ranar Talata suka binne shi.