Ɗakin da Ishaku Ya Shafe

"Faɗa min gaskiya, Sabuwa. Ɗakin ne ya yi miki kaɗan, ko mai ɗakin?"

Sabuwa ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ninke tufafinta tana cusawa a jaka. Tun safe magana ɗaya take maimaita wa mijinta Ishaku: unguwar Kalakla za ta tafi, wurin Innarta, har Allah ya sauke ta lafiya. Shi kuma ya ce goyon ciki na haihuwar fari ne, ita kuwa wannan na biyu ne, kuma bai taɓa jin an tafi da cikin wata biyar ba.

Gaskiyar tana bakinta. Kwana huɗu ke nan tana haɗiye ta.

Ishaku yana aiki ne a wani fili bayan Omdurman, inda ake wanke tankokin ɗanyen mai. Shi ke sauka cikin tanki da shebur, ya kankare baƙar lakar da ta kwanta a ƙasa. Gidajen Mayo, unguwar da suke zaune, na ƙasa ne, kuma kafin damina kowa sai ya yaɓe bangonsa. Ma'aikatan filin suka gano lakar mai ta fi kowane yaɓe. Ruwa ba ya cin bangon da ta taɓa, gara ba ta hawa, kunama ba ta raɓa. A shekarar aurensu bangon wasu maƙwabta ya faɗo wa mai gida a kan ƙafa. Ishaku ya rantse ba za a yi haka da amaryarsa ba. Jarka-jarka ya riƙa kawowa a raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya shafe ɗakin ciki da waje, har daɓen da suke shimfiɗa tabarma.

Matan unguwa sun yi ta tsokanarta, wai ta auri mai kwalta, ko titin filin jirgi bai kai ɗakinta sheƙi ba. Ita ma ta yi alfahari. In rana ta take, wari ya tashi, kanta ya sara, sai ta ce laulayi ne.

Ɗanta na fari ya zo a wata bakwai, ɗan mitsitsi, numfashi da ƙyar. Kwana uku ya yi ya koma.

Da wannan cikin ya fara ba ta jiri, sai ta je asibiti a Soba. Daktora Rawan ta yi ta tambayarta inda take kwana da inda take girki, har maganar ɗakin ta fito. Likitar ta ajiye biro.

"Ba zan rantse miki cewa shi ya ɗauke na farkon ba. Amma tururin nan yana shiga jini, abin da ya shiga jinin uwa kuwa yana isa ga ɗa. Ki bar ɗakin nan, kada ki ƙara mako a cikinsa."

To, ta yaya mace za ta dubi mutumin da ya haƙa kabarin ɗansa da hannunsa, ta ce masa da wannan hannun ya shafa abin da ake zargi? Sai ta zaɓi ya ɗauke ta mai raini. Mutane na kiran irin wannan shirun tausayi. Sau da yawa tsoro ne kawai ya yafa mayafi.

Ishaku ya daɗe tsaye a bakin ƙofa. Can fushinsa ya sauka, domin ba ya iya doguwar rigima da ita. Ya tsuguna ya karɓi jakar, ya ce shi ke nan, ta tafi, zai kai ta da kansa.

"Ki huta can, habibti. Kafin ki dawo na sake shafe ɗakin, na riga na ajiye jarka biyu a wurin aiki. Ba ɗigon ruwan da zai sauka a kan jaririnmu."

Hannun Sabuwa ya tsaya cak. Ta ga jariri kwance a kan sabon daɓe, cikin zafin rana, ƙofa a rufe kamar yadda ake yi wa mai jego.

"Zauna," ta ce. "Ka yafe min... ƙarya na yi maka."

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta faɗi har inda likita ta ce ba za ta rantse ba, ta maimaita masa wannan sau biyu. Ya zuba wa bangon ido.

"Ke nan ni ne..."

"Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba, ni da nake yi wa mata fariya da shi."

"Kwana huɗu kina kwana a nan saboda kada raina ya ɓaci?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan ne ba zan yafe da wuri ba, Sabuwa. Tashi."

Kafin la'asar suna Kalakla. Ya durƙusa gaban surukarsa Fatna, ya yi bayani da bakinsa, bai ɓoye nasa hannun ba. Washegari ya koma Mayo da diga. Ya rushe ɗakin, ya kwashe ƙasar daɓen. Ya bi gidajen abokan aikinsa huɗu da suka yi irin shafen. Biyu suka saurare shi, biyu suka ce rashin ɗa ne ya taɓa masa kai.

Sabuwa ta haihu a wata takwas da 'yan kwanaki. Mace ce, ƙarama. Kwana tara ta yi cikin gilashin asibiti, Ishaku yana zuwa kullum ya tsaya a baranda, ba ya shiga. A rana ta goma aka miƙo wa Sabuwa 'yarta, ta kama nono da ƙarfinta. An riga an raɗa mata suna Duha.

Sabuwa ta hango Ishaku ta taga, ya harɗe hannuwa a baya. Fatna ta leƙa ta ce ya shigo mana, ko sai an aika masa da goron gayyata? Ya ce daga nan ma yana ganinta.

Sabuwa ta tashi a hankali, ta fita da jaririyar har baranda.

"Karɓi, Abu Duha. Hannuna ya gaji."

Ya karɓa.