Lantana da Masarar Fari

A wani ƙauye, cikin wata damina, an yi wata yarinya Lantana mai gaggawar tsiya. Ran nan kakanta ya dawo daga gona da masarar fari guda uku.

Lantana ta daka tsalle, ta hura wuta, ta cusa ɗaya cikin harshen wutar. Fat! Fat! Waje ya ƙone ƙurmus, ciki ɗanye sharaf. Ta cusa ta biyu. Fat! Fat! Waje ƙurmus, ciki ɗanye sharaf.

Saura ɗaya, ta Kaka.

Kaka ya tsokane ta irin na wasan jika, ya ce, "Amarya, in kika ƙona rabona mun ɓata! Bari wutar ta kwanta tukuna, a kan garwashi ake gashi."

Lantana ta zauna a kan hannayenta. Yawunta na tsinkewa, amma ta jira. Da garwashi ya yi jajir, ta ɗora, ta juya, ta jira, ta juya, har ƙamshi ya cika gida.

Ta durƙusa ta miƙa masa. Kaka ya wangale baki yana dariya, babu haƙori ko ɗaya.

"Amarya, da me zan ci? Cinye abarki, ni dama ƙamshin nake jira!"