Layuka Uku da Tsoho Ya Hana a Taɓa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran ba. Injiniya, kamar yadda maƙwabta ke kiransa, yana zaune a shagon buga takardu da ya gada daga mahaifinsa, a gaban gidansu. Kwamfuta huɗu ne a shagon, kowace da halinta, shi kuwa mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce.

A cikin kowace kwamfuta akwai manhajar da ke kula da allo da kibod, kuma tana bin wani jadawali da ke gaya mata yadda maɓallai na musamman za su yi aiki: wanda ake dannewa a riƙe, wanda ke kullewa, wanda ke kunna 'yar fitila. Jadawalin nan huɗu ba su yi daidai ba. Don haka ya rubuta 'yar manhaja da za ta goge su ta shimfiɗa guda ɗaya a kan duka, ta kuma maimaita hakan duk lokacin da aka kunna na'ura.

A tsohuwar kwamfutar da ke lungu ya tarar da layuka uku da marigayi Tsoho, mahaifinsa, ya rubuta, da gargaɗi a samansu: "Kada a taɓa." Aikinsu shi ne su sa maɓallin manyan baƙaƙe ya jira. Ka danna ka saki, zai tsaya har ka danna na gaba. Mai hannu ɗaya ne ke bukatar haka, Tsoho kuwa da hannunsa biyu aka binne shi. Injiniya ya yi murmushi. Ko kwafi bai ajiye ba.

Rana na faɗuwa ya saki manhajar. Fitilar kibod ɗin lungu ta ƙifta sau uku ta mutu. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin shagon.

Washegari da magariba duwatsun suka zama bakwai. Rana ta uku aka ji ana buga kibod a shagon da ke kulle, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, sannan aka ji tsaki mai tsawo. Da aka buɗe, an ɓalle maɓallan duka an jera su a ƙasa.

"Kai da gyare-gyarenka," in ji matarsa. "Abin da bai lalace ba ma sai ka gyara. Me ka taɓa?"

"Tsari kawai na yi."

Bai rufe baki ba suka ji faɗuwar Auta a tsakar gida. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, wadda duk shagon babu mai saurin bugunta. Suka same ta zaune, ido a kafe, hannun dama a dunƙule ya yi sanyi kamar ƙarfe. Kwana biyar ba ta buɗe shi ba. Farcen ya fara shiga nama, yatsun suka fara baƙi. Likita ya duba ya ce in aka ƙara mako a haka, sai dai a yanke.

Malamin da aka ɗauko tsoho ne siriri, mai tari. Ya zauna gaban yarinyar yana karatu tun la'asar, bai ɗaga murya ba, har inuwa ta cinye tsakar gidan. Sannan Auta ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, malam. Ba kurma ba ce ni."

"Wace ce ke, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Tambayi wancan mai tsarin."

Malam ya juya ya dubi Injiniya.

"Ubansa ya narka dalma ya watsar bayan shago da magariba, ko bismillah babu," in ji muryar. "A hannuna ta sauka. Na zo ɗaukar fansa, ya yi kuka ya roƙe ni. Na ce to, ya bar mini na'urar lungu idan rana ta faɗi, ya gyara ta yadda hannu ɗaya zai iya. Shekara goma sha tara ina rubuta wa 'ya'yana da suka watse."

"Ku ma har da wasiƙa?" in ji malam.

"Ku kaɗai ke haihuwa? Da ɗan nasa ya goge layukan, ban yi fushi ba. Na zauna da hannu ɗaya na mayar da layukan. Aka kunna da safe, abinsa ya goge. Na sake mayarwa, ya goge. Sau uku! Mutum ya ci zalinka sau ɗaya, ka ce kuskure. Wannan ya ɗauki bawan da ba ya barci ya ce ya riƙa cin zalina kullum."

"Wallahi ban sani ba, Iya," in ji Injiniya.

"Ba ka iya karatu ba? Me ubanka ya rubuta a sama?"



"Hannu aka ci mini, hannu zan ci," ta ce.

"Ɗauki nawa! Ki sakar mini yarinya, ɗauki nawa duka!"

"Yi mana shiru," in ji malam, "ba ka iya ciniki ba." Ya juya ga yarinyar. "Hannunki kin yafe shi tun zamanin Tsoho, ba a tayar da abin da aka yafe. Laifin yau kaɗai za a biya. Zai kashe manhajar, ya mayar da layukan da kansa."

"Bai isa ba. Gobe zai manta, ya sake ganinsu datti."

"To me zai sa ya tuna?"

Auta ta dubi hannuwan ubanta, tana murmushin da ba nata ba.

"Da wane yatsa yake riƙe maɓallin?"

Injiniya ya ɗaga ƙaramin yatsansa na hagu. Bai jira malam ba, ya ce ya yarda.

Ya shiga shago ya mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya goge manhajar, ya zauna yana lalubo layukan Tsoho daga ƙwaƙwalwarsa. Yana danna na ƙarshe fitilar ta kama. Wani sanyi ya bi yatsan tun daga farce har gindinsa, ya tsaya nan. Daga tsakar gida ya ji matarsa na kuka tana cewa ya buɗe, hannun ya buɗe.

Auta ta warke, ba ta tuna komai ba. Yatsan Injiniya kuwa bai ƙara lanƙwasuwa ba. Ya gwada riƙe maɓallin da wasu yatsun, hannun ya ƙi saba. A ƙarshe ya kwafi layukan ukun nan ya sa a kwamfutar da yake aiki da ita, ya rubuta da hannu, ba da manhaja ba.

Yanzu haka yake bugu: ya danna, ya saki, ya jira. Idan rana ta kusa faɗuwa yakan gyara kujerar lungu, ya yi sallama, ya ja ƙofa. Wani lokaci yana cikin saka kwaɗo sai ya ji an fara bugu a ciki, a hankali, da irin tafiyar bugunsa.