Shafi na Arba'in da Ɗaya

Ranar da ya fara ganinta tana tsaye gaban allo a ɗakin taron sashen lissafi, alli ya ɓata mata hannun riga har gwiwar hannu. Mai Alli ake ce mata a sashen. Shekara uku ke nan tana digirin dakta a kan siffofin abeliyan, wasu siffofi ne masu kama da zobe, sai dai fuskokinsu sun fi abin da ido zai iya gani. Dangi guda take nazari, mai canjawa sannu a hankali daga ɗaya zuwa ɗaya. A kowace siffa akwai wata alama ta musamman cikin ma'aunin da ke ƙirga ramukanta, wanda suke kira kohomoloji. Burinta ta nuna cewa a duk dangin, alamar daga wata ƙaramar siffa ta gaske ta fito.

Shi sabon malami ne, dogo, ɗalibai na kiransa Malam Dogo. Da ta gama ya ɗaga hannu daga kujerar baya, ya tambaye ta me ya hana ƙaramar siffar wargajewa idan dangin ya motsa. Ta juya ta dubi allon. Allin ya karye a hannunta.

Kwana biyu ba ta iya zama wuri ɗaya ba. A na uku saƙo ya shigo wayarta:

“Assalamu alaikum. Ni ne mai tambayar nan. Tun ranar na kasa karanta komai. Aikinki ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa ramin da na gani a hujjarki ya dame ni. Ki yafe min yadda na faɗa.”

Ta amsa: “Na yafe. Amma tunda kai ka tona, sai ka zo da shebur.”

Haka suka fara haɗuwa a laburare bayan la'asar, kusa da taga, a wani tebur mai ƙafa ɗaya gajera, suna tokare ta da tsohuwar mujalla. Wata biyu suka toshe ramin. Kafin nan ya fara ce mata Malamata, ita kuma tana ce masa Fitina.

Da ya nemi zuwa gida neman aurenta, Babanta ya ƙi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, bai san lissafi ba, amma ƙanwarta ta ba shi labarin wanda ya kunyata 'yarsa a gaban mutane. Ya ce ga wani Dakta nan na ofishin da ke kallon nata, mai ladabi, kullum yabon aikinta yake, me ya hana a duba shi. Inna ta yi ta lallashi, Baba ya kafe.

Dakta ɗin ne kuwa ya tare ta a matakala, saura wata guda ta kare kundinta a gaban malamai. Cikin murya mai taushi ya gaya mata Farfesan da ke kula da aikinta ya ba Malam Dogo kundin ya duba, shi kuma ya rubuta cewa a ɗage ranar da wata uku. Ya ƙara da cewa da shi aka ba, da tuni ya sa hannu.

Ta sauka, ta sake hawa, ta tsaya ƙofar ofishin Malam Dogo ta kasa ƙwanƙwasawa. A bakin titi ta rubuta masa:

“Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, Malamata. Shafi na arba'in da ɗaya bai tsaya ba. Jiya na gano, na zo gaya miki ba kya nan, Farfesa kuma yana jiran amsa. Ba zan iya cewa daidai ne ba alhali ba daidai ba ne, ko da zan rasa ki.”

Ta kashe wayar.

Mako uku ba ta kula shi ba. Tana cin abinci a tsaye, tana zagaye tsakar gida da takarda a hannu har Inna ta ce za ta huda simintin. Ta so ƙwarai ta same shi da kuskure. Ba ta samu ba. Wata safiya tana wanke kofuna ta ga inda matsalar take: maganarta ba ta kama dukan dangin ba, wani reshe kawai ta kama, amma a reshen nan babu mai ture ta. Ta zauna a ƙasan kicin da kumfa a hannu ta yi kuka, rabi baƙin ciki, rabi sauƙi.

Ranar karewa Baba ya rako ta. A baranda ya ga wani dogon saurayi yana kai da kawowa, ya duba agogo, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Baba ya ƙirga masa zagaye goma sha bakwai kafin ya ce ya zo ya zauna.

“Kai ne ka ja mata wata ukun nan?”

“Ni ne, Baba.”

“Da ka yi shiru fa?”

“Da wani ya gano bayan an buga, da sunanta a kai.”

Baba ya matsa masa a kan benci.

Ta fito fuskarta duk gumi, Farfesa na bayanta yana kiranta Dakta. Ta durƙusa gaban Baba, ta ɗago ta dubi wanda ke gefensa.

“Fitina, har yanzu ina jin haushinka,” ta ce a hankali.

“Na sani, Malamata. Zan jira ya huce.”

Baba ya ce masa ya je gida ya turo magabatansa, ya ƙarasa jiran a can.

Bayan wata biyu aka ɗaura. Farfesa ya zo da babbar rigar da ba a taɓa ganinsa da ita ba. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta.

“Na ba ki wanda ba zai yi miki ƙarya ba. Ke ma kada ki yi masa. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari.”

Inna ta ce amin tana share ido, ta gyara wa 'yarta mayafi.