Waƙar Da Ba Ta Fita Gida

A bayan dandamalin bikin kiɗa na Samarkand Nigina ta fara ganin Doniyor, ya duƙufa yana goga bakan goge a bakin kwanon shayi, wai shi kiɗa yake yi. Dariya ta ƙwace mata.

"Yaya, laifin me kwanon nan ya yi maka?"

"Sabon kiɗa ke nan, ƙanwata. Kunnenki ne bai waye ba."

Daga tsokana sai soyayya. Mahaifinta Ustaz Hamro, tsohon makaɗin dutar, wato molonsu na gargajiya, ya rantse ba zai ba mai buga kwanuka 'yarsa ba. Ina! So ya riga ya rufe mata ido. Har ta rera wa Doniyor waƙar renon da marigayiya mahaifiyarta ta gada, wadda ba a rera wa kowa sai jinin gidan. Ya ɗauka a waya, wai don ya riƙa rage kewa.

Da bikin kiɗan ya zagayo Doniyor ya turo saƙo: "Tauraruwata, ki zo da Baba. Na yi miki tanadi."

Suka zo. Ana tsakiyar kiɗa sai ga muryar Nigina a lasifika, an daddatsa waƙar, an juya ta baibai, wata Dilnoza mai fiyano tana bin ta tana yi wa Doniyor murmushi. Jama'a suka ɗauki tafi. Ustaz Hamro ya miƙe ya fita. Nigina ji ta yi kamar an tone kabarin uwarta a bainar jama'a.

Ta rubuta masa: "Na ba ka amana, ka kai ta kasuwa."

"Rabin raina, mahaifiyarki na yi niyyar karramawa."

"Ka tambaye ni?"



Washegari za a maimaita wasan. Tsohon ya ce su koma wurin wasan, yana so ya ga iyakar rashin kunya. Da aka zo gurbin waƙar, Doniyor ya sauke bakan gogensa, ya tsayar da kowa. Jama'a suka fara gunaguni.

"Abin da kuka ji a nan jiya ba nawa ba ne," in ji shi. "Satowa na yi, kuma na goge."

Wasu baƙi da suka yi alkawarin kai shi Turai saboda wasan jiya suka tattara suka fice.

Sai da aka girbe auduga sannan gwaggonninsa suka zo neman aure da gurasa a farin ƙyalle. Ustaz Hamro ya daɗe yana kallon gurasar, don a al'adarsu in ya karya, ya ba da 'ya ke nan.

"Waƙar nan ba ta fita gidana," ya ce. "Tunda ta shiga kunnensa, sai dai shi ya shigo."

Ya karya gurasar, aka shafa fatiha.

Ranar bikin aure Nigina ta raɗa wa Doniyor, "Na yafe, amma ba za ka ƙara jin ta ba sai ran da nake renon ɗanmu."

"Ko a ranar, a waje zan bar wayata."

Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo mai jin waƙar.