Ruwan Sabulu a Birki

Da la'asar sakaliya na dawo daga Gusau da sabuwar kwalbar man birki a aljihu. Niyyata in ƙarasa gyaran akori-kurata kafin magariba, don kashegari in kai gero kasuwar Bungudu. Matata Saude ta tafi suna Karakkai da yara, gidan ba kowa sai ni da kaji.

Gidan nan a tsakiyar gona na gina shi, da hannuna. Rijiya ni na haƙa, akurki ni na ɗaura, mota ma ni ne bakanikenta, don kai ta gareji a wurina asara ce. Saude kan ce, "Kamilu, da ana ɗunke taya da zare, da tuni ka yi."

Sai dai cire iska daga birki aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana ƙarƙashin mota da sifana, ɗaya yana kujera yana taka birki. Na ƙasa ya ce "taka", ya ce "riƙe", na sama ya amsa "na riƙe". Shekara shida maƙwabcina Malam Bitrus, tsohon malamin makaranta da gonarsa ke jikin tawa, shi ke zaunar mini a kujera.

Wata bakwai ke nan da rasuwarsa, kuma a cikin motar nan ya rasu.

Bututun birki ne ya riƙa yoyo har man ya ƙare, ɗan kuɗin da ke hannuna kuma na sayen taki ne. Sai na yi dabarar da na taɓa gani a tasha: na dama garin sabulun wanki da ruwa na ɗura. Ya kama kuwa. Kashegari Malam Bitrus ya zo aron mota zai kai wake Tsafe. Maganar ta zo mini har baki, kunya ta sa na haɗiye ta, na miƙa masa makulli. A wata gangara kafin Tsafe birki ya ƙi, motar ta faɗa rami, sitiyari ya doke shi a ƙirji.

An tsinci waya a hannunsa, kiran ƙarshe na matarsa Dibora ne. Tun daga ranar take cewa ita ta ɗauke masa hankali, ita ta kashe shi. Ina zaune a gidan makoki ina jin ta, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Haƙuri, kwana ne ya ƙare." Wallahi har yau in na tuna kalmar nan sai in tsani kaina.

To, ranar da nake ba ku labari, na ɗaga motar da jak, na cire tayar baya, na tare ta gaba da dutse saboda filin ya ɗan gangara. Na zuba sabon mai. Da yake ba mai taka mini, sai na tokare birkin da guntun gora a jikin kujera, na kwanta a buhu na shige ƙasa.

Rana ta yi ja. Kaji sun fara shiga akurki. Daga nesa na ji an soma kiran salla, na ce bari in kwance notin cire iska ɗaya kawai in tashi.

Na juya sifana. Abin da ya fito ba mai ba ne. Kumfa ce, fara sol, ta zubo mini a wuyan hannu. Ƙamshin sabulun wanki ya cika ƙarƙashin motar.

Kajin suka yi tsit.

Sai gorar nan ta faɗo ƙasa, kusa da kunnena.

Motar ta ɗan nutsa, kamar yadda take yi idan mutum ya zauna. Kujera ta yi ƙara. Ina kallon ƙasa ta kowane gefe, ban ga ƙafar kowa ba.

Ƙiiit. Ƙiiit. Ƙiiit.

Ana taka birki. Sau uku, a hankali, yadda shi kaɗai yake yi.

"Na riƙe," aka ce, can ƙasa-ƙasa.

Na nemi addu'a, ko ɗaya ta ƙi zuwa. Na yi yunƙurin janyewa, sai na ji dutsen da na tare taya ya subuce ya gangara. Jak ya karkata. Ƙarfen motar ya sauko ya taɓa mini ƙirji, ya tsaya nan.

Ba abin da ke tsakanina da mutuwa sai ƙafar da ke kan birki.

"Kamilu." Muryar ba faɗa a cikinta. "Me ka zuba?"

Muryar ta sake cewa:

"Ƙafata ta gaji. Me ka zuba?"

"Ruwa," na ce. "Ruwa da sabulu. Na sani, Malam, ban hwaɗa maka ba. Ni na kashe ka."

Kumfa na ɗiga a fuskata.

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Ban san yadda na fito ba. Na dai ji rigata ta yage, tsakuwa ta kwashe mini fatar baya.

"Na saki," aka ce daga kujera.

Motar ta zube a daidai inda na kwanta. Buhun ya rabe biyu. A kujera ba kowa.

Malamai sun ce wanda ya mutu ba ya dawowa, aljani ne ke aron murya, kuma na yarda da su. Amma ko wane ne, ya san abin da ko Saude ban gaya wa ba.

Da safe na hau babur zuwa Gusau, inda Dibora ta koma wurin 'yarta. Na same ta ta rame ta yi baƙi. Na durƙusa a tsakar gida na faɗi komai, ban rage ba. 

"Wata bakwai ban taɓa waya ba, Malam Kamilu," ta ce. "Wata bakwai ina roƙon gafara a kan laifin da ba nawa ba. Kuma kana zuwa kana ba ni haƙuri."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar roƙo ba. Daga baya 'yarta ta gaya wa Saude cewa ranar ce karon farko da uwar ta ci abinci ta ƙoshi.

Motar tana nan inda ta faɗi, kaji na ƙwai a bayanta. Gero kuwa a amalanke nake kai shi kasuwa. Ranar da Saude za ta yi wanki, tun asuba nake ɗaukar fartanya in nufi ƙarshen gona, ba na dawowa sai kayan sun bushe.