Inda Idon Hammadu Ya Tsaya

Mace ta bakwai ke nan ta tashi daga kan benci ba ta danna maɓallin ba. Ikhlas ta bi ta da kallo har ta koma cikin masu sayar da nono da suka jera ƙorensu a gindin darbejiya, bakin kasuwar Keffi, sannan ta dubi kwamfutarta ta sauke ajiyar zuciya.

Aiki ne ya dawo da ita gida daga Abuja. Kamfaninsu na haɗa wata manhajar waya da makiyayi zai kira likitan dabbobi da ita ko bai iya karatu ba, da hoto da launi kawai. Nata aikin shi ne gano abin da ido ke fara kamawa. Takan kafa waya a kan ɗan ƙarfe, kyamara ta bi ƙwayar idon mai gwaji, wani ɗigo ja ya riƙa yawo a kwamfutarta yana nuna inda yake kallo. Yau ɗigon ya ƙi hawa sama. Duk matan ƙasan allon suke kallo, maɓallin kuwa yana can sama, kore shar.

"Malama, ko wata za ki yi a nan ba za su kalle shi ba."

Ta ɗago. Wani dogon saurayi ne jingine da babur mai ɗaure da jarkokin madara, ya harɗe hannu, yana mata kallon da ake wa baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba. Ta tambaye shi ko ya san aikin ne. Ya ce aikin dai bai sani ba, amma ya san goggonninsa. Ya nuna hoton da ke jikin maɓallin, wani dattijon likita mai furfura da gemu.

"Wace 'yar Fulani ce za ta zuba wa mai gemu ido? Ko a waya ne sai ta sunkuyar da kai."

Wata uku aka yi ana gardama kan wannan hoton a ofis, ba wanda ya hango haka. Nan take ta cire likitan ta sa hoton farar saniya. Mace ta takwas ta danna kafin a gama yi mata bayani.

Sunansa Hammadu, ɗan Ardo Yaya na rugar da ke hanyar Agwada. Ya karanci lafiyar dabbobi, yanzu madara yake tarawa yana kai wa masu yogot a Mararaba. Bai yarda ya zauna gwajin ba sai da ya tsare ta da tambayoyi: ina hotunan ke zuwa, wa ke kallo, me ya sa sai mutanensu. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna na minti biyar, ya tashi da lambar wayarta.

Saƙonsa na farko da hantsi ya shigo.

"Malama mai ɗigo, na wuce darbejiya ban gan ki ba. Ko kin gama auna idanun Keffi?"

Ta karanta sau uku kafin ta rubuta.

"Ɗan Ardo, saura idanun rugarku. Ka yi min iso?"

Ya yi mata iso. Ranar Asabar ta hau acaɓa da kayanta, matan rugar suka yi gwajin suna dariya, aka cika ta da fura da kindirmo. Daga nan zuwa ya zama zuwa. Ba a rufa wata biyu ba Hammadu ya fara sallama a ƙofar gidansu Ikhlas, sanye da shadda mai guga, yana kiranta Zumata idan ba kowa kusa.

Sai dai ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Mahaifiyarta, Hajiya Salamatu, ta ce ita dai ba ta ga abin da mai jarkoki ya fi Abdulmuhaimin da shi ba, shugaban Ikhlas a wurin aiki, wanda ya daɗe yana aiko da gaisuwa daga Abuja cikin mota mai sanyi. Ardo Yaya kuwa ko gaisuwar Ikhlas da ƙyar yake amsawa. Yana da dalilinsa. Shekara uku da suka wuce wasu samari masu fara'a sun zo rugar da wayoyi, suka ɗauki hotuna, suka sha nono, suka tafi. Da damina ta faɗi sai ga ginshiƙan siminti a tsakiyar makiyayarsa, wai an yanka filaye ga mutanen Abuja.

Ardo ya kira ɗansa gindin tsamiya ya ce masa kura ba ta zuwa da haƙoranta a waje. Wancan karon da samari aka zo, wannan karon an gane samari ba za su shiga ba, shi ya sa aka turo mace. Hammadu ya rantse ba haka take ba. Amma da ya hau babur maganar ta bi shi har Mararaba. Ashe ba ita ta fara cewa ya yi mata iso ba?

A wannan makon Abdulmuhaimin ya iso Keffi. Bai nufi gidansu Ikhlas ba. A Sabon Gari ya sami Hammadu wurin bakanike ana gyara masa sarƙar babur. Ya miƙa masa hannu da fara'a, ya ce ya zo ne ya gode wa wanda ya buɗe musu ƙofar rugar da ta gagari kowa.

"Ikhlas ta iya aikinta," in ji shi. "Duk inda muka tura ta sai ta sami wanda zai shigar da ita. Kai ne lamba goma sha huɗu, ko?"

Ya juyo masa da waya. Hoton wani shafi ne, da rubutun hannun Ikhlas da Hammadu zai gane ko cikin dubu.

"Mai gwaji na 14. Ɗan Ardo ne, maganarsa na shiga a ruga. Ya fi kallon mai bincike fiye da allo."

Hammadu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Bai lura da cewa an yanke ƙasan shafin ba. Ya dai ce wa baƙon ya sauka lafiya.

Kwana biyar Ikhlas na kira ba a ɗauka. A na shida saƙo ya shigo.

"Lamba goma sha huɗu na gaishe ki. Kin sami abin da kike nema, Allah ya ba da sa'a. Kar ki ƙara wahalar da kanki zuwa ruga."

Ta zauna bakin gado riƙe da wayar. Mutum ɗaya ne ke iya buɗe takardun bincikenta ban da ita, shi ne Abdulmuhaimin, da take tura wa hoton kowane shafi. Ta rubuta dogon bayani ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Wanda aka nuna wa rubutu ya yarda, ba rubutu ne zai warkar da shi ba. Ta tura layi ɗaya.

"Gobe da safe ina zuwa, amma wurin Baffa Ardo zan zo, ba wurinka ba."

Hajiya Salamatu ta gan ta tana sa kwamfuta a jaka ido jajur. Ta dai ce ta yafa babban mayafi.

Ardo Yaya na zaune kan buzu ana tatsar safe lokacin da ta iso. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi. Hammadu na tsaye jikin turke, ya juya mata gefe.

Ta ce ta san ana zarginta, kuma ba ta ga laifin kowa ba. Ta roƙi Ardo ya zauna gaban na'urar da kansa ya ga abin da take ɗauka. Dattijon ya daɗe yana kallon ƙarfen kafin ya matso. Aka nuna masa saniya, aka nuna masa ƙwarya, ya danna abin da ya ga dama. Da ta buɗe abin da aka adana, ba fuska, ba bukka, ba fili, sai ɗigo ja yana tsalle kan hotuna. Bai gamsu ba. Ya sa ta buɗe na matan rugar ɗaya bayan ɗaya har goma sha ɗaya. Duk ɗigo ne.

"Me ya sa waɗannan suke gefe guda, da jan layi a kansu?" ya tambaya.

"An cire su ne, Baffa. Ba a yi aiki da ko ɗaya ba."

Sai a lokacin Hammadu ya juyo. Ta ciro littafinta ta miƙa masa ba ta kalle shi ba, ta ce ya karanta wa Baffa shafin har ƙasa, tunda sama kawai aka nuna masa. Ya karanta layin da ya sani da murya a daƙile. Da ya kai ƙasa sai muryar ta sauya.

"An cire na 14 daga bincike, da duk mutanen gidansu. Dalili: mai bincike ba za ta iya yin adalci a kansu ba, zuciyarta ta karkata."

Kwanan watan da ke gefe na makon da ta fara zuwa rugar ne, tun kafin ya taɓa furta mata komai.

Ta yi wa Ardo bayani a hankali. A ƙa'idar aikinsu, idan mai bincike ya ji wani ya shiga ransa, dole ya ajiye sakamakonsa, don ido mai so ba ya auna daidai. Cire su da ta yi ya sa mutanenta suka gaza, sai da ta yi mako uku tana bin manoman Agwada da wasu rugage a kan acaɓa ta cike gurbin. Kafin ta gama, Abdulmuhaimin ya ba wata ma'aikaciya damar gabatar da aikin a Abuja, aikin da ta yi wata shida tana yi.

Ardo ya shafa gemu.

"To 'yata, in tun tuni kin cire mu, me kike zuwa yi duk Asabar?"

"Baffa, wannan tambayar ɗanka ya kamata ya amsa."

Matan da ke tatsa, waɗanda ashe duk kunnensu na nan, suka fashe da dariya. Ardo ya dubi ɗansa ya ce shi ya yi zargi don an taɓa cutarsa, shi kuwa Hammadu da wa ya taɓa cuta har ya yarda da rabin takarda a hannun wanda bai sani ba? Ya ce ya ɗauko babur ya mayar da yarinyar mutane gida, kuma ya tsaya ya gaishe da iyayenta yadda ya kamata, don manya na tafe.

Suka yi ta tafiya har suka hango rufin gidajen Keffi. Nan ya tsayar da babur a gindin wani mangwaro.

"Zumata, na yi kuskure."

"Ka yi," ta ce. "Kuma ba yau zan huce ba."

"Yaushe?"

"Ka riƙa zuwa kana tambaya."

Ya yi ta zuwa kuwa, kwana tara a jere. Hajiya Salamatu, da ta ji abin da Abdulmuhaimin ya aikata, ita da kanta ta riƙa shimfiɗa wa Hammadu tabarma. Ikhlas ta kai ƙarar shugabanta wurin masu kamfanin da shafin nan cikakke, aka ɗauke shi daga kan aikin, aka mayar da sunanta a kansa.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura auren a ƙofar gidansu Ikhlas, ranar Juma'a bayan an sauko. Mutanen ruga suka zo mota biyu, manoman Agwada suka aiko da doya, Ardo Yaya ya ba da karsana biyu sadaki. Da aka kawo amarya gabansa lulluɓe, ya ɗora hannu kan kanta.

"Na rufe miki ƙofa kin shigo da gaskiyarki," ya ce. "Allah ya sa ki zama uwar gidan nan. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya tsare ku daga mai kawo magana rabi."

Jama'a suka amsa da amin. Hammadu ya fi kowa ɗaga murya.